Darasi na 9: Layi Ɗaya, Wayoyi Barkatai

Ga jagora: Ki zo da ƙananan wayoyi biyu, da tsohon sim da aka daina amfani da shi, da katin robar da ake ɓalle sim daga jikinsa in an samu. Akwatin ƙungiya ya zauna a tsakiyar tabarma kamar kullum. Darasin yana da ɗan tsawo. Idan kin ga hankalin mata ya koma gida wajen tukunya, ki tsaya a ƙarshen wasan kwaikwayo, a ƙarasa mako mai zuwa.

Bayan an gama zubi an kulle akwati, ki tambaya: "Wace ce a cikinmu take da layi amma ba ta da wayar sa shi?" Kada ki yi gaggawa. Za a ɗan yi dariya, a kalli juna, sannan hannuwa su fara tashi. Sai ki sake tambaya: "Daga sallar da ta wuce zuwa yau, wayoyi nawa layinki ya shiga?" A bar kowa ta ƙirga da yatsunta.

Yadda abin yake a gidajenmu

A Karofi da ƙauyukan da ke kewaye, har zuwa ɓangaren Kurfi, ba abin mamaki ba ne mace ta ƙulle sim ɗinta a haɓar zane, ko ta naɗe shi a takarda ta cusa cikin kwanon jere. Wayar ta faɗa ruwa, ko batirin ya kumbura, ko an sayar da ita da damina an sayi taki. Layin dai yana nan. In tana jiran kiran ɗiyarta da ke aure a Katsina, sai ta ari wayar maigida da daddare. In ana jiran alat, a sa a wayar ɗa. Ranar kasuwa a ba ƙanin miji ya tafi da shi Dutsin-Ma ya ciro kuɗi wurin mai POS. Wani gidan kuma waya ɗaya ce, layi ɗaya, amma da maigida da uwargida da amarya da yara duk lambar suke bayarwa.

Babu abin kunya a nan. Rashin uwa ke sa a yi uwar ɗaki, kuma da a ce sai mace ta sayi waya kafin ta yi kira, da da yawanmu ba mu gaisa da 'yan uwan nesa ba. Ba za mu ce ku daina aron waya ba, don mun san ba za a daina ba. Abin da muke so shi ne kowace mace ta san abin da take miƙawa in ta miƙa layinta, musamman idan layin nan ne ke ɗaure da kuɗin ƙungiya.

Layi daban, waya daban

Jagora, ki ɗaga waya a hannu ɗaya, sim a ɗaya hannun, kowa ta gani. Lambobi 11 da ake kiran ki da su ba a jikin waya suke ba, da ɗan katin nan suke tafiya. Waya masauki ce kawai. Duk inda layi ya sauka, can baƙinsa za su bi shi: kira, saƙo, alat na banki, duka.

Sim ɗaya a waya ɗaya yake aiki a lokaci ɗaya. In yana wayar ɗanki a majalisa, to ba ya gida, kuma duk saƙon da ya shigo a lokacin shi ya gani, ba ke ba. Idan wani ya ce ki kawo layinki zai raba shi biyu, ɗaya a wayarki ɗaya a tasa, kada ki ba shi. Kamfani ba ya wa ƙaramin layi irin namu haka. Ko da an yi sabon sim mai lamba iri ɗaya, wato abin da ake cewa walkam-bak, tsohon mutuwa yake yi da zarar sabon ya fara aiki. Ku riƙe wannan da kyau: ranar da kika ga layinki ya ɗauke ɗif, alhali maƙwabciyarki mai layin kamfani ɗaya da ke tana kira lafiya lau, kada ki ce matsalar sabis ce ki kwanta. Mai yiwuwa wani ya yi sabon sim da lambarki.

Wayoyin itel da Tecno da muke riƙewa yawanci sim biyu suke ci. Wannan layi biyu ne a waya ɗaya, ba layi ɗaya a waya biyu ba. Shi ya sa in an sa naki kusa da na maigida, saƙonni sukan cakuɗe wuri ɗaya, kuma a yi ta kira da katinki ba a sani ba.

Makulli na huɗu

Wannan tsari namu na akwati ba yau aka fara shi ba. A yankin Maradi ta Nijar ya samo asali a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, ƙarƙashin suna Mata Masu Dubara. Dubarar da matan can suka yi har yau ita muke bi: akwati ɗaya, kwado uku, makulli uku a hannun mata uku, mai ajiye akwati kuma ba ta riƙe makulli ko ɗaya. Ba don ana zargin kowa ba. Don a raba mutum da jarraba ne, kuma a ba mai ajiya abin faɗa idan maigida ya matsa: "Malam, ko na so ba zan iya buɗewa ba."

Yanzu kuɗi sun fara fita daga akwati. Kowa ta tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, har mai ƙosai sai da ta nemi lambar asusu. Tun daga nan ƙungiyoyi da yawa suka koma ajiye wani kaso a banki ko a asusun waya, irin su MoMo na MTN, SmartCash na Airtel, OPay ko Moniepoint. Ga kuma halin tsaro, wanda ya sa ba kowa ke son kwana da kuɗi masu yawa a ɗaki ba. Dalili ne mai kyau. Sai dai wannan sabon akwatin ba kwado uku gare shi ba. Abu biyu ke buɗe shi: layi da lambar sirri. Wanda ya haɗa biyun ya gama, ba sai ya tara mata uku ba.

Ga yadda abin ke aiki. Idan kika danna tauraro da lambobi don tura kuɗi, banki ba ya ganin fuskarki, kuma bai damu da wayar wa aka danna ba. Lambar layin yake gani. In ita ce aka rubuta a asusun, sai ya nemi lambar sirri, in ta yi daidai kuɗi su fita. Haka nan in za a buɗe asusunki a wata babbar waya, ko a canza lambar sirri, wasu lambobi ake turowa layin ta saƙo don a tabbatar ke ce. Mai riƙe da sim shi zai karanta su. Har lambar BVN, wadda bankuna suka fara bayarwa tun 2014, mai riƙe da layin da aka yi rajistarta da shi zai iya ganin ta idan ya danna *565*0#. Akwai masu karɓar bashi ta waya da irin waɗannan bayanai da sunan mutum, sai daga baya a yi ta kiran mai layi ana neman biya.

To kun gani, ɗan katin da muke ƙullewa a haɓar zane makulli ne na huɗu, kuma shi kaɗai ya kusa yin aikin sauran ukun. Jagora, ki tambayi masu riƙe da makullai: "A cikinku wa ta taɓa ba ɗanta makullin akwati ya tafi da shi kallon ƙwallo?" Ki bar su su yi dariyarsu. Sannan ki tambayi inda layin ƙungiya ya kwana jiya.

Abin da layi ke bari a wayar aro

Mata da yawa suna zaton in an cire sim an cire komai. Ba haka ba ne. Saƙonnin da suka shigo lokacin da layinki ke cikin wayar, a wayar suke zama. Alat ɗin da ya nuna ragowar kuɗin ƙungiya yana nan, kishiya ko yaron gida ko mai caji zai iya buɗewa gobe ya karanta. Sirrin ƙungiya kenan ya fita. Mun yi alkawari a dokarmu cewa ba a faɗin abin da ke akwati a waje, sai ga waya tana faɗa. Daga nan ake fara jin "ai an ce kuna da dubu kaza", masu neman rance su yi layi a ƙofar ma'aji, wani lokacin ma maganar ta kai kunnen da ba a so.

Lambobin da aka kira su ma suna zama. Sunayen mutane kuwa ya danganta da inda aka adana su: wanda aka adana a sim yana bin ki, wanda aka adana a waya ya zama na mai waya. Shi ya sa wata za ta ce "lambobina duk sun ɓace" bayan ta canza waya. Ba su ɓace ba, suna masaukin da ta baro.

Babbar waya mai shafawa ta fi riƙe abu. In yaro ya buɗe WhatsApp da layinki a wayarsa, ko kin cire sim WhatsApp ɗin zai ci gaba da aiki a wurinsa da sunan lambarki. Zai iya rubuta wa 'yan uwanki, su ɗauka ke ce. Haka manhajar banki, in an shiga da ita ba a fita ba.

Saboda haka kafin ki mayar da wayar aro, ki zauna da mai ita a goge saƙonnin banki a gabanki. In ba kya karatu, ki koyi gane su da ido: yawanci sunan banki ne a sama maimakon lamba. Ba rashin yarda ba ne. Ko kwanon maƙwabciya kika ara, wankewa kike kafin ki mayar.

Wasan kwaikwayo

A zaɓi mata uku: ɗaya ma'aji, ɗaya ɗanta, ɗaya mai kira. A ba ɗan waya, mai kira ta koma bayan taro ta toshe hanci tana magana.

Ɗa: Inna, wayarki ba caji. Kawo layin in sa a tawa, in an kira zan zo in faɗa miki.
Ma'aji: To kai ɗan nan, ka kula, layin mata ne.
Ɗa: Haba Inna, sai ka ce yau na fara.

Ya fita. Waya ta yi ƙara.

Mai kira: Salamu alaikum. Da Hajiya ma'ajin ƙungiya nake magana?
Ɗa: Ɗanta ne.
Mai kira: Madalla. Daga ofishin tallafi ne. Sunan ƙungiyarsu ya fito, yau ake rufewa. Yanzu wasu lambobi za su shigo wayar, ka karanto mini don a saki kuɗin.
Ɗa: Ga su sun shigo. Amma an rubuta wani abu da Turanci a ƙasa.
Mai kira: Kyale wannan, ka yi sauri, akwai mutane a layi. Ko so kake Innarka ta rasa?

A tsaya a nan. Kada jagora ta faɗi ƙarshen. A tambayi mata: me zai faru in ya karanta? Laifin wa? Yaron ɓarawo ne? Za a yi gardama, a bar ta ta ɗan yi zafi. Abin da ake so a gane shi ne yaron nan bai yi niyyar cuta ba, taimakon uwarsa yake so. Bai zauna a darasinmu ba, bai san dokarmu ba, amma makulli na hannunsa. Abin da aka rubuta da Turanci a ƙasan irin wannan saƙo yawanci gargaɗi ne cewa kada a faɗa wa kowa lambobin. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko lambobin da suka shigo ta saƙo. Mu ma ma'aikatan wannan shiri ba za mu taɓa nema ba. Duk wanda ya nema, ko da sunanki ya kira ki, ko ya ambaci sunan mai unguwarku, a kashe wayar.

A sake wasan. Wannan karon ma'aji ta ƙi ba da layin, ba tare da ta ɓata wa ɗanta rai ba. A bar mata su nemo kalmomin da kansu. Sannan a sake shi karo na uku, amma maigida ne ke nema. Wannan ya fi wuya, kada a yi kamar ba haka ba ne. Amsar da ta fi aiki ita ce wadda ba ta ɗora abin a kan matar: "Malam, layin ba ya wurina, yana cikin akwati."

Da sunan wa aka yi rajista?

Wannan tambaya ita ce ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa. A wurin kamfani, mai layi shi ne wanda aka ɗauki hotonsa da yatsunsa ranar rajista, ba wadda ta yi shekara biyar tana amfani da shi ba. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa 14 ga Satumba, 2024. A cikin wannan rububi mata da yawa da ba su da NIN a lokacin sun ba miji ko ƙani ko ɗa ya haɗa da tasa don kada a rufe.

Muddin ana zaman lafiya ba a ganin illar. Amma ku yi tunani. Sim ya ɓace, mai rajista ya tafi cin rani Legas: wa zai je a ɗauki fuskarsa a yi sabo? Aure ya mutu: layin da kuɗinki ke ciki na wa? Shi yana da ikon zuwa ofis ya karɓi sabon sim, naki ya mutu a hannunki. In rasuwa ce kuwa, Allah ya jiƙan magabata, sai an sha zirga-zirga da takardu kafin a ce komai.

Akwai kuma ɗaya gefen. In da sunanki aka yi rajista kika bar layin yana yawo a wayoyin da ba ki sani ba, aka yi kiran da bai dace ba da shi, sunanki jami'an tsaro za su fara gani. A wannan yanki namu ba sai an yi dogon bayani ba. Kada ki yi wa kowa rajistar layi da NIN ɗinki don kunya, kuma kada ƙungiya ta sayi sim da aka riga aka yi wa rajista don ya fi sauƙi. Hukumar sadarwa ta NCC ta haramta sayar da irinsa. Ana iya danna *996# a bincika ko layi na haɗe da NIN, amma don sanin ainihin sunan da ke kai, gara a je ofishin kamfanin ko wurin wakilinsu da layin a hannu.

Tsarin da ƙungiya za ta zauna ta yanke

Mafi kyau shi ne ƙungiya ta buɗe asusu da sunanta, mai masu sa hannu biyu ko uku, yadda mutum ɗaya ba zai iya cire kuɗi ba. Ku tambayi banki a Dutsin-Ma abin da ake buƙata, kuma ku ce kuna so layin ya riƙa karɓar alat kawai, ban da tura kuɗi. Mun san ba kowace ƙungiya ce za ta iya wannan a zagayen farko ba. Wadda ke amfani da asusun waya na mutum ɗaya, ga abin da muke ba da shawara.

Layin ƙungiya ya zama na ƙungiya kaɗai. Ba a kiran biki da shi, ba a ba dangi lambar. A yi masa rajista da NIN ta 'yar ƙungiya da ke zaune a gari, wadda aka zaɓa a gaban kowa. Sim ya kwana cikin akwati, ƙarƙashin kwado uku, tare da katin robarsa. Ranar taro a fito da shi a sa a waya a gaban kowa, sakatariya ta karanta ragowar kuɗi da ƙarfi kamar yadda masu ƙirga ke faɗin na akwati, a rubuta a littafi, a goge saƙon, a mayar.

Lambar sirri a raba ta biyu. In lambobi huɗu ne, mace ɗaya ta riƙe biyun farko, wata ta riƙe biyun ƙarshe, kowa ta danna nata ta miƙa. Kada su zama daga gida ɗaya, kada kuma su zama masu makulli. Ban da 1234, ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar layin. Wadda ba ta san lambobi ba ta koyi wurin da suke a kan madannai, ta yi ta gwadawa a wayar da ba sim har hannu ya saba. Jagora ma kada ta sani. Kuma kada a faɗa wa mai POS ya danna, komai cunkoso.

Bari mu faɗi gaskiya, wannan tsari yana da ɓaraka. Wadda aka yi rajista da sunanta, in ta so, za ta iya zuwa ta yi walkam-bak ta nemi a canza lambar sirri, don a idon kamfani kuɗinta ne. Saboda haka a rubuta yarjejeniya a littafi cewa layin da abin da ke ciki na ƙungiya ne, ta dangwala a gaban shaidu, in da hali har da mai unguwa. Wannan yana kare ta ita ma, don kada wata rana magada su ɗauka nata ne. Sannan ƙungiya ta yanke iyakar kuɗin da za su zauna a ciki. Kuɗin da ke hannun 'yan ƙungiya a matsayin rance sun fi wanda ke kwance amfani ko ta ina.

Wani abu kuma: layi ba ya son dogon barci. In ya yi wata shida ba kira, ba saƙo, ba sa kati, kamfani na iya rufe shi, in aka ƙara wasu watannin a ba wani sabon mutum lambar, alat ɗinku ya koma shiga wayar baƙo. Zagayenmu wata tara ne zuwa shekara, kun ga in aka manta sim a akwati har ranar rabo, ana iya buɗewa a tarar da gawa. A riƙa sa masa katin naira 100 lokaci-lokaci ana yin ɗan kira. A rubuta kuɗin katin a littafi.

Layinki na kanki

Naki ba zai kwana a akwati ba, dole ya yi yawo. To a sa masa nasa kwadon. Kowane sim ana iya kulle shi da lambar sirri ta kansa, daban da ta banki, yadda duk wayar da aka sa shi, ko aka kashe aka kunna, ba zai yi aiki ba sai an danna. Ana samun wurin a saitin tsaro na waya, har da ƙananan. A nemi wanda ya iya ya nuna, amma ke za ki danna lambar da kika zaɓa. Hattara: in aka yi kuskure sau uku sim zai kulle, sai an sa wata doguwar lamba mai suna PUK da ke jikin katin roba. In ita ma aka yi kuskurenta sau goma, sim ya mutu. Jagora ta nuna katin, ta nuna inda lambar take. Wannan katin da muke ba yara su yi wasa da shi, a adana shi tare da katin asibiti.

In za a kai waya caji, a cire sim tukuna. Batiri ke shan wuta, ba layi ba.

Idan buƙatarki kawai kada kira ya wuce ki, akwai hanyar da ba sai kin ba da sim ba. Ana karkatar da kira zuwa wata waya: a danna **21* sai lambar da ake so kiran ya tafi, sai #, a kira. Kira ne kaɗai ke tafiya, saƙo ba ya bi, kuma daga katinki ake cire kuɗin. Don a soke, a danna ##002#. Ki haddace wannan ta biyun ko da ba kya amfani da ta farkon, don wanda ya riƙe wayarki na minti ɗaya zai iya karkatar da kiranki ba ki sani ba. Duk lokacin da layinki ya dawo daga hannun wani, ki danna ta.

Masu babbar waya kuma, tun watan Afrilu na 2023 WhatsApp ya yarda lamba ɗaya ta yi aiki a ƙarin wayoyi har huɗu. Yana da amfani in shugaba da sakatariya suna son ganin saƙon ofis tare. Amma duk wayar da aka haɗa tana ganin komai. A taɓa ɗigo uku da ke sama, a shiga inda aka rubuta Linked devices, in an ga wayar da ba a sani ba a cire ta.

In layi ya ɓace ko ya ɗauke

Banki ake fara nema, ba kamfanin waya ba, kuma a ranar, ba gobe ba. Yawancin bankuna suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu. Ku tambayi taku tun yanzu, sakatariya ta rubuta a bangon littafi, shugaba ma ta riƙe kwafi a gida, don kada ya zama lambar na cikin akwati akwatin kuma a kulle. Bayan nan a kira 300 da wani layi na kamfanin a ce a rufe sim. Sannan mai rajista ta je da kanta da NIN ɗinta da katin roba. Sukan tambayi lambobin da aka fi kira da katin ƙarshe da aka sa, wanda shi ma dalili ne na rubuta su. In an yi ta kai ƙorafi ba a saurara ba, lambar NCC ita ce 622, kyauta ce.

Wani lokacin kuma ba layinki ne ya ɗauke ba, na gari ne gaba ɗaya. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, sai a watan Disamba aka fara buɗewa. Kowa ta tuna yadda ake tafiya mai nisa neman inda waya za ta kama, ana ba matafiyi saƙo, wani har da sim. Ƙungiyar da lissafinta ke cikin alat kawai, a irin wannan lokaci ba ta da abin nunawa. Littafi ba ya neman sabis. Duk abin da ya shiga ko ya fita ta waya a rubuta shi da biro a ranar.

Kafin zama na gaba

Kowace mace ta binciko abu biyu ta zo da amsa: da sunan wa aka yi rajistar layinta, kuma ina katin robarsa yake. Wadda ta tarar ba sunanta ba ne kada ta tayar da magana a gida. Ta zo mu duba tare ko za a mayar da shi sunanta, ko ta yi sabo ta kai banki a canza. Sakatariya ta zo da lambar gaggawa ta banki. Shugaba ta sa maganar layin ƙungiya a farkon taro, kafin zubi, a kaɗa ƙuri'a da duwatsu kamar yadda muka saba, abin da aka yanke a ƙara shi cikin dokar ƙungiya tare da tarar wadda ta fita da layin ba da izini ba.